Tukunyar da Gwaggo Ta Wanke

Gwarzo,
ranar Talata.

Zuwa ga matata Badi'a,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya. Ya jego, ya ruwan zafi? Ya Abba, yana dai samun barci? Ki gaishe mini da Baba da Inna da kyau, ki ce ina yi musu sannu da ɗawainiya. Ya damina a nan Gammo? Mu nan ruwa sai godiya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Hambali direba, ga waya a aljihun kowa. Ɗakinki cike yake da mata masu taya ki jego, nan kuma kin san gidan haya, in ka yi tari a ɗaka sai an yi maka sannu daga tsakar gida. Gwaggo kuwa gwiwa ce kawai ta gaza mata, kunne yana nan garau. Maganar da ke bakina ba ta waya ba ce.

In Abba yana hannunki, miƙa wa Inna shi tukuna, ki zauna sosai.

Tukunyar suyarki ce ta lantarki, eya-firayar nan da Yaya Zainulabidin ya sa miki a kayan ɗaki. Gwaggo ta wanke ta.

Jiya da la'asar na dawo daga makaranta, ina shiga tsakar gida sai wani abu ya haske mini ido a cikin kwanukan da aka kife a rana. Na ce a raina, ikon Allah, Gwaggo ta yi sabuwar tukunya. Sai da na matso na ga mariƙin. Badi'a, kwandon nan ne da ake zarowa a zuba kaza ko dankali, wanda cikinsa yake baƙi sumul. Babu baƙin nan ko ɗigo. Fari fat, yana walƙiya, har ina ganin hulata a ciki. A gefensa ga uwar injin an kife ta, ruwa yana ɗiga ta ƙofofin iskar nan na baya. Wayar wutar ma ba ta tsira ba, an wanke ta an shanya a igiya tare da tsummokara. Wallahi ban san lokacin da jakata ta faɗi ƙasa ba.

Gwaggo tana zaune a kujera 'yar tsugunno, gabanta ga toka, ga yashi a gwangwani, ga ɓawon lemun tsami, ga soson ƙarfe duk ya zama zare. Tun fitata take dirza. Yatsunta sun yi jajir, ɗaya har ya tsage. Ita kuwa sai murmushi take yi, irin na wanda ya gama gonarsa kafin maƙwabta.

Ni da kika tsayar a kicin ana gobe za ki tafi, kika yi mini karatu kamar ɗan aji ɗaya. A zare waya, a bari ta huce. A ciro kwandon a jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu, a wanke da soso mai laushi. Kada ƙarfe ya taɓa baƙin nan, domin shi ne ke hana abinci kamawa. Jikin injin kuwa ruwa bai gan shi ba, tsumma mai danshi kawai, har ƙarfen nan na sama mai yin ja. Sai komai ya bushe a mayar. Har kika sa na maimaita, ina yi miki tsiya cewa ko motar Alhaji ba a yi mata wannan gata. To, ɗalibinki ya faɗi jarrabawa. Ranar Lahadi da aka kawo wuta na gasa kifi, na ci na ƙoshi, na ce gobe na wanke. Ƙarnin kifin ne ya kai Gwaggo wurin.

Ban kai ga buɗe baki ba ta jawo ni ɗaka, ta sassauta murya. Wai kada in kuskura in ga laifinki. Wai ke yarinya ce mai tsabta, tsohon ciki ne ya hana ki durƙuso, har baƙi ya kama tukunyar ya zama jiki. Wai ranar da za a rako ki bayan arba'in mata za su cika gidan, kuma ta san halin mata, ƙafarsu ɗaya a ɗaki ɗaya a kicin. Da sun ga wannan baƙi shi ke nan, za a kai labari har Gammo cewa matar Mahbub ƙazama ce. Shi ya sa ta rufe ƙofar kicin ta fara kankarewa a ciki, sai da ya yi kyan gani sannan ta fito da shi rana. Ta ce kada in faɗa miki ma, kada ki ji kunya. Ta rufa miki asiri ne, Badi'a.

Me kike tsammani na ce? Na ce sannu da aiki Gwaggo, Allah ya saka da alheri, ta yi kyau ƙwarai. Da bakina na faɗa.

Kin san wace ce Gwaggo Hajaratu a wurina. Ƙanwar mahaifina ce, amma tun rasuwar mahaifiyata ita ta goya ni, ba ta da ɗa sai ni. Kin san irin faman da na sha kafin ta yarda ta baro Mainika, daga ita sai ɗaki mai yoyo da kaji. Kullum amsarta ita ce ba za ta zauna gidan kowa tana ci tana kallon bango ba. Sai da na ce mata Abba zai buƙaci mai yi masa wanka da raino in kin koma aiki, sannan ta ɗaure kaya, don an sa wa yaron sunan yayanta. Ke ma na san ba da sauƙi kika amince ba, kin ce a gwada a gani. To ga gwajin farko. Ina tsoron ki ce ba za ki iya ba. Ina kuma tsoron ta san ɓarna ta yi, domin a Mainika in ana biki ita ake kira wanke tukwane, kuma da wannan take taƙama. Ranar da ta sani, ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba.

Don Allah ki huce a kaina, ni na bar kifi. Zan kai wa Maikuɗi mai gyara ya duba. Ki ba Hambali amsa in zai juyo.

Ki shafa mini kan Abba. Na bar ki lafiya.

Naki,
Mahbub.

Gwarzo,
ranar Litinin.

Zuwa ga Badi'a,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata ke da Abba kuna cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙarfin jiki? Na ji kin ce yana fama da kumburin ciki, Allah ya sawwaƙe. Gaisuwa ga Baba da Inna da duk mutanen gida.

Takardarki ta zo, kuma ta ba ni mamaki fiye da yadda tawa ta ba ki. Na shirya wa faɗa. Na ma zaɓi inda zan zauna in karanta, bayan aji, inda ba mai ganin fuskata. Sai na ga kin ce kin yi kuka, don kyautar Yaya ce kuma kina ji da ita, amma da kika kai wurin rufin asiri sai kukan ya canza. Ban san haka zuciyarki take da faɗi ba, Allah ya yi miki albarka. Na kuma ga inda kika ja layi, cewa in zaunar da Gwaggo a ranar in gaya mata gaskiya da lalama, tun kafin ta ji a bakin wani. Zan zo kan wannan.

Na sa tukunyar a buhu na kai wa Maikuɗi. Da Gwaggo ta tambaya na ce mata duba lafiya za a yi, kamar yadda ake yi wa babur. Maikuɗi yana zaro kwandon ya saki salati. Ya juya shi, ya ɗaga shi a rana, ya ce shekarunsa a gyaran fanka da dutsen guga bai taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba, ko inji aka sa sai haka. Ina roƙonsa ya rage murya, shi kuwa sai ƙwala wa mai shayi da mai faci kira yake yi su zo su ga abin al'ajabi. Na tsaya a nan kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Ya ce a bar injin ya bushe tukuna. Shekaranjiya na koma ya kwance shi a gabana. Toka ce cike a fankar ciki, ta daskare, har da yashi. Ƙarfen da ke yin zafi ya fara tsatsa. Ya share iya sharewa, ya mayar, ya jona a janareta. Sai ƙara, sai tartsatsi, sai warin ƙonewa. Mai shayi har ya zubar da kofi garin gudu. Maikuɗi ya ce allon ciki ya ƙone, sai dai a nema a Kano, in an dace. Kwandon kuwa ya ce ko an gyara injin kada a ƙara sa abinci a ciki, komai zai kama, kuma ɓurɓushin baƙin da ya maƙale a lungu zai bi abinci. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

A gida kuma wani sabon tashin hankali. Tunda na yaba, Gwaggo ta samu ƙarfi. Yanzu zagaye take yi tana neman abin da ya yi baƙi. Na tarar ta sa hannu a kaskon suyar ƙwai ɗin nan naki mai irin wancan shafen, tana girgiza kai. Na ce zan ara wa wani abokina, na ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Tukunyar dafa shinkafa ta lantarki tana cikin durowar kayana, na rufe ta da babbar riga. Ni da gidana na koma ɓarawo.

Game da abin da kika ce in yi, wallahi na gwada. Ranar Juma'a bayan masallaci na shiga ɗakinta na zauna, na ce Gwaggo akwai magana. Sai ta ce ita ma akwai magana, ta jawo ƙullin zane ta kwance. Sabulun salo ne da man kaɗanya da sabon baho ɗan ƙarami. Ashe kazarta ta sa aka sayar a Mainika ta yi wa Abba sayayya. Ta riƙa nuna mini yadda za ta kwantar da shi a ƙafafunta, yadda take gasa wa jariri jiki har ya yi barci bai sani ba, tana cewa haka ta yi mini, wai ni da kuka kamar ɗan akuya. Ta juyo ta ce mece ce tawa maganar. Na ce dama tambaya zan yi ko gwiwar ta yi sauƙi.

Kada ki ga ragontata. Na yanke shawara a bari sai kin dawo, sai Abba ya shiga hannunta ta saba, sannan mu gaya mata tare. Kafin nan babu abin da zai faru, duk abin da ke da baƙi na kawar da shi.

Ki gaishe da kowa. Sai na ji daga gare ki.

Mijinki,
Mahbub.

Gwarzo,
ranar Alhamis.

Badi'a,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da yaro da su Inna. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Gwaggo ta tafi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na kawar da naki kayan, na manta gidan haya muke. Kin san Ummukulsum maƙwabciyarmu, Maman Zinnira, da jerin tukwanen nan nata jajaye masu baƙin shafe a ciki da take ji da su. Jiya da safe ta makara, ta jiƙa su a bakin famfo ta tafi aiki. Gwaggo ta fito alwalar walaha ta gan su. Ta tuna matar nan takan miƙo mata kunu, ta ce bari ta rama alheri. Ta ɗauko toka da yashi da sabon soson ƙarfe.

Na dawo na tarar da tsakar gida cike. Tun daga zaure nake jin muryar Ummukulsum. Tana riƙe da tukunya a kowane hannu, farare tas, tana ɗaga su sama tana ihu. Ba zan rubuta miki duk abin da ta faɗa ba. Ta ce ƙauyanci, ta ce wanda bai san abu ba ya tambaya mana, ta ce an kawo musu annoba gida. Gwaggo tana tsaye hannunta duk toka, ba ta ma gane laifin ba. Sai haƙuri take bayarwa, tana cewa in akwai sauran baƙi a lungu a ba ta ta ƙarasa. Mata suka kwashe da dariya. Badi'a, dariyar nan har yanzu tana kunnena.

Daga nan Ummukulsum ta fasa ƙwan. Ta ce ai ba yau ta fara ba, ita ce ta kashe wa matar gidan tukunyar lantarki, duk bakin kasuwa an sani, a shagon Maikuɗi har kallo ake zuwa. Ta ce baƙin nan da take kankarewa da shi aka ƙera su, shi ne tukunyar.

Gwaggo ba ta kalle ta ba. Ni ta juyo ta kalla, a gaban kowa, ta kira ni da sunan da take kirana ina yaro, ta ce gaskiya ne? Na sunkuyar da kai. Ta ce amma ai ka ce ta yi kyau. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta wanke hannunta a famfo, ta durƙusa, tsohuwa da ita da wannan gwiwar, ta ba Ummukulsum haƙuri, ta shige ɗaki ta tura ƙofa.

Na lallashi Ummukulsum na ce zan maye mata tukwanenta, ita ma da ta huce jikinta ya yi sanyi. Na kai wa Gwaggo tuwo, ba ta taɓa ba. Na yi magana ta bakin ƙofa har na gaji. Yau da na dawo daga sallar asuba na tarar da ɗakin a share, tabarma a naɗe. Bahon Abba da sabulun da man kaɗanyar ta jera su a bakin ƙofarki.

Ban je makaranta ba, na hau babur na bi ta Mainika. Na same ta a ɗakin nan nata, ruwan jiya ya jiƙa rabin ƙasa, tana zaune a ɗaya rabin. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ɓarnar ba ta dame ta kamar yadda na bar ta tana yawo a gida tana alfahari ba, ni na sani, ke kin sani, mai shayi ya sani, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Ta ce ashe har ɓoye mata kaya ake yi kamar ƙaramar yarinya, domin ta ga kaskon a ƙarƙashin gado ranar da take shara, ta ɗauka mantuwa ce. Na ce ta yafe mini ta dawo, Abba yana hanya. Sai ta buɗe tafin hannuwanta tana kallo. Ta ce ita abin da ta mallaka a duniya ke nan, da su ta ci abinci, da su ta raine ni, yanzu kuwa zamani ya wuce su, abin da suka taɓa sai ya lalace. Ta ce wadda ba ta iya wanke tukunya ba, wa zai ba ta ɗan mutum ta wanke? Ko an ba ta ma ba za ta karɓa ba, tsoro take ji.

Matar da rabin yaran Mainika a ƙafarta aka yi musu wankan farko, yau ita ke tsoron jariri. Na yi kuka a gabanta, Badi'a, ban ji kunya ba. Ta ce in tashi in tafi kada rana ta yi mini.

Kin faɗa mini, ban ji ba. Na ɗauka fushinki ne abin tsoro, ashe shiruna ne. Yanzu ban san abin yi ba. Arba'in ya matso, zan turo Hambali ya ɗauko ku ranar da Baba ya sa. Gidan dai za ki same shi a share, amma babu kowa.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da su Inna, kada ki gaya musu tukuna.

Naki,
Mahbub.

Gwarzo,
ranar Lahadi.

Zuwa ga matata Badi'a, a Mainika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Abba, ina gaishe da Gwaggo in za ta amsa. Ya baƙunta, ya sauro? Ina fata kun tashi lafiya.

Ke kuwa haka ake yi? Shekaranjiya na sa an yi girki, na shimfiɗa tabarmi, na sa sabuwar shadda ina tsaye a ƙofar gida kamar ango. Motar Hambali ta tsaya, na leƙa, ba ke, ba yaro, ba 'yan rakiya. Daga buhun gero sai akwatuna sai tukunyar kunun kanwa. Na ɗauka wani abu ne ya same ku a hanya. Hambali ya fito yana sosa ƙeya, ya ce wai kin roƙi Baba izini ki fara yawon arba'in daga Mainika kafin ki shiga ɗakinki, tunda dangin uba ne ya kamata su fara ganin ɗa. Baba ya ce kin yi tunani. Hambali ya ce kin kuma ce a gaya mini kada in kuskura in zo sai kin aiko, don ganina ne zai sa Gwaggo ta ƙara ƙulle zuciyarta. Na tsaya baki buɗe a titi har mai babur ya yi mini hon. Abincin nan maƙwabta suka ci, Ummukulsum ma ta samu rabonta.

Ban runtsa da kirki ba sai yau da 'yar takardarki ta iso. Na karanta, na sake karantawa, har yanzu ban gama yarda ba.

Kin ce da kuka shiga ta yi murna, ta yi guɗa ma, amma da kika miƙa mata yaron sai ta mayar da hannuwanta baya, ta ce a ajiye shi a tabarma ta gan shi daga nan. Ke kuma kika ce mata ba a yi masa wanka ba tun safe, kuma ba zai ga ruwa ba sai a hannunta, ko da za ku shekara. Badi'a, ina kika samo wannan taurin kan? Ni da na zauna da ke ban san da shi ba. Kin ce ta yi banza da ke, ƙanwar Inna da ta rako ki ta yi ta zungurinki, kika ƙi. Aka kwana, aka wuni, zafi ya dami yaro ya yi ta tsala kuka, ke ma kina kuka a ɗaka, amma kika dake. Sai da la'asar ta miƙe tana faɗa, wai ba ta taɓa ganin uwa marar imani irinki ba, za ki kashe mata yaya da ƙazanta. Ta hura wuta da kanta. Da na zo nan na yi dariya har da hawaye.

Layin da ya biyo baya ne ya tsayar mini da dariyar. Kin ce ta haɗa ruwan, ta taɓa da gwiwar hannu, ta miƙe ƙafafu, kika ɗora mata shi. Sai ta tsaya. Ta ɗago ta tambaye ki a hankali, ko akwai yadda kuke yi yanzu, ki nuna mata kada ta yi ba daidai ba.

Gwaggo ce fa. Matar da ban taɓa jin ta tambayi kowa yadda ake komai ba. Ummukulsum ba ta yi mata wannan ba, tukunya ma ba ta yi mata ba. Ni na yi mata, ranar da na ce ta yi kyau.

Na gode da amsar da kika ba ta, da kika ce ke ba ki san komai ba, koyo kika zo. Na gode da kika fita kika bar su su biyu. Kin ce ta yarda za ta biyo ku jibi, wai don kada ki kashe yaro, ba don ni ba. Na karɓa a haka. Amma na san wadda za ta dawo mai tambaya ce kafin ta taɓa cokali, kuma gyaran wannan ba a shagon kowa yake ba, a wuyana yake.

Har na fara rubuta ki roƙa mini ita gafara, na soke. Ɓuya a bayan mutane ya ishe ni haka. Ba zan jira ku a ƙofar gida ba. Jibi ni zan zo da Hambali, ki yi fushi in kin ga dama. Zan durƙusa a tsakar gidanta, a gaban maƙwabtanta, yadda ta durƙusa a gaban nawa, kuma ba zan tashi ba sai ta yi mini faɗa.

Allah ya yi miki albarka, ya raya mana Abba. Ki lulluɓe shi da kyau, ɗakin yana da danshi.

Mijinki mai ƙaunarki,
Mahbub Ja'afaru.